IN TOTUR YA MAƘALE: Gargaɗi ga Masu A-kori-kura da Direbobinsu



A wannan fitowa mun ga ya kamata mu ɗan jingine maganar farashi da ta takardun kan iyaka, mu yi magana a kan mota. Manyan shanu dai tirela ke ɗauka, amma a-kori-kura ita ce jakin ɗan kasuwa. Ita ke kai mu kara da asuba, ita ke kwaso maruƙa da raguna daga kasuwannin ƙauye, ita ke ɗauko dusa da harawa, kuma a cikinta kuɗin ciniki ke komawa gida. Daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, daga Damagaram zuwa Mai'aduwa, ko daga Garwa zuwa Mubi, ba ranar kasuwar da ba ta bisa hanya.

To akwai wata matsala da ba kasafai ake zancenta ba sai ta auku. Direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur, amma mota ta ƙi rage gudu, inji sai ƙara ruri yake yi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Ke nan wanda ya ɓata daƙiƙa huɗu yana salati yana dube-dube, ya riga ya ci mita 100. In da shingen duwan a gaba, ko garke na tsallaka hanya, to sai dai Allah ya kiyaye.

Abin da ya faru a Amurka

Wannan magana ta taɓa girgiza duniyar motoci. A watan Agusta na 2009, kusa da birnin San Diyego na Amurka, wani ɗan sandan hanya yana tuƙa wata Lexus da aka ba shi aro a wurin dillalin motoci, sai totur ya maƙale. Motar ta wuce gudun kilomita 160 a awa, ta yi karo, shi da matarsa da ƴarsa da surukinsa duk suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar shimfiɗar roba da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba ta wannan motar ba ce, ta wata ce da ta fi ta girma, kuma ita ce ta danne totur. Ku lura fa, ƙwararren direba ne, amma tabarmar roba ta ci ransa.

Kafin ƙarshen shekarar, kamfanin Toyota ya kira motoci wajen miliyan 4 su koma gareji saboda wannan shimfiɗa. A ciki har da a-kori-kura iri biyu: Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010, da Tundra ƙirar 2007 zuwa 2010. A watan Janairu na 2010 ya sake kiran wasu miliyan 2.3, har da Tundra, saboda shi kansa totur ɗin yana iya yin tauri in abin da ke cikinsa ya goge kuma laima ta shige shi, sai ya riƙa jinkirin dawowa. Maganin da aka yi shi ne cusa wani ɗan guntun ƙarfe a cikinsa. Mutane da dama sun zargi kwamfutar mota, amma a watan Fabrairu na 2011 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, tare da injiniyoyin NASA, suka ce ba su sami laifin lantarki ba. Abu uku suka gano: shimfiɗa, totur mai tauri, da direban da ya taka totur yana zaton birki ne. A 2014 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a gaskiyar lamarin.

Wani zai ce, ina ruwanmu da Amurka? Ai ruwanmu ne. Motoci da yawa na hannu da suka shigo mana ta Kwatano da Lome daga can suka fito, kuma ba kowane mai mota ya mai da tasa aka gyara ba kafin ya sayar. Wanda ke da Tacoma ko Tundra ta waɗannan shekaru, ya sa wani yaro mai ilimi ya duba masa lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a shafin intanet na hukumar nan, mai yiwuwa ya ga ko akwai gyaran da ba a yi ba. Hilux kuwa ba a sayar da ita a Amurka, don haka ba ta cikin wancan jerin, amma kada mai ita ya saki jiki. Shimfiɗa ba ta san sunan mota ba.

Me ke kawo shi a wajenmu?

Na farko, abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Mun sha ganin direba ya ɗora kafet biyu ko uku saboda laka da kashin dabbobi, ko ya yanko buhu ya shimfiɗa. Ga gorar ruwa tana gangare, ga igiyar ɗaure saniya, ga silifas da aka cire saboda zafi. Kowane ɗaya a cikinsu yana iya danne totur, ko ya shige bayan birki ya hana shi sauka.

Na biyu, wayar totur. Tsofaffin motoci irin su Fijo 404 da 504 da tsohuwar Hilux, waya ce ke tafiya daga ƙafa zuwa kafireta ko famfon gazuwal, sifirin kuma ke mai da ita. Ƙurar hunturu da rairayi suna shiga kubenta, silin wayar ya tsinke ɗaya-ɗaya ya riƙa kamawa, ko sifirin ya karye. Ɗaure shi da robar tayar keke ba gyara ba ne, ajiye tsautsayi ne.

Na uku, ƙafar direba. Wanda ya kwana yana lodi, ya tashi da asuba, ko yaron mota da aka ba makulli ya gyara fakin a cikin kara, yana iya taka totur a maimakon birki. Da ya ji mota ta zabura sai ya ƙara dannawa. Wannan ya fi aukuwa a motar otomatik.

Na huɗu na masu motar gazuwal ne, musamman mai turbo. In turbo ya lalace, ko aka cika baƙin mai fiye da ƙima, inji yana iya zuƙar baƙin mansa ya riƙa ƙonawa. Sai ka ga hayaƙi ya turnuƙe, inji na kururuwa, ka kashe makulli amma ya ƙi mutuwa.

In abin ya same ka

Ga yadda ake yi, bi da bi:

1. Taka birki da ƙarfi, ka riƙe. Kada ka yi ta famfo, domin in totur na buɗe, a motar fetur iskar da ke taimakon birki tana ƙarewa bayan taki biyu ko uku, birki ya koma kamar dutse. Kada kuma ka taka shi sama-sama na dogon lokaci, zai yi zafi ya daina kamawa.

2. Danna kuloci, ka sa giya a firi. A otomatik ka tura ta zuwa N. Inji zai yi ihu, ƙyale shi. Sababbin motoci suna da abin da ke hana inji wuce iyaka. Ko da ma zai lalace, ai inji ana sayensa a kasuwa, rai kuwa ba a saye.

3. Kunna sigina, ka sauka gefen hanya a hankali. Da dabbobi a baya, kada ka fizgi sitiyari, nauyinsu zai koma gefe guda ya kifar da mota.

4. Sai ka tsaya sannan ka kashe inji. In dole ta sa ka kashe shi kana tafe, murɗa makulli taki ɗaya kawai, kada ka zare shi, domin sitiyari zai kulle. Ka sani kuma sitiyari da birki za su yi nauyi. Motar da ake tayarwa da maɓalli, irin ta Toyota, sai an danne shi kamar daƙiƙa 3 kafin ya kashe inji in ana tafiya.

5. In gazuwal ce ta ƙi mutuwa bayan ka tsaya, sa babbar giya, taka birki sosai, ka saki kuloci, inji zai shaƙe ya mutu. Wanda ya san kan mota yana iya toshe bututun shigar iska da katako, amma ban da tafin hannu. In abin ya gagara, a fitar da mutane a yi nisa.

Kada kuma a ce bari a lallaɓa a kai kasuwa tunda an kusa. Motar da ta yi haka sau ɗaya, sai bakanike ya gani.

Kafin a tashi

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shimfiɗa ɗaya tak, daidai da motar, a maƙale ta da ƙugiyarta. A share gaban direba kowace safiya. Kafin a tada inji a danna totur har ƙasa a sake shi, in bai dawo da sauri ba, ko an ji yana kartar wani abu, a fasa tafiyar. Direba ya gwada sa mota a firi tana tafiya a hankali a fili, har hannunsa ya saba. Mu kuma iyayen gida, in direba ya ce totur na tauri, kada mu ce masa sai bayan kasuwa. Kuɗin waya da sifirin bai kai kuɗin ɗan akuya ba, abin da ke cikin motar kuwa jarin shekara ne da rayukan bayin Allah.

Muna roƙon shugabannin rassa su sa a karanta wannan takarda a gaban direbobi da yaran mota ranar kasuwa. Allah ya tsare mu da sharrin ƙarfe, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a ciniki. Amin.