Alamar «.ne»: gonarmu a intanet

Duk mai neman wata ma'aikatar gwamnatin Nijar ta intanet zai ga adireshinta ya ƙare da baƙaƙe biyu: «.ne». Wannan ita ce alamar ƙasarmu tun shekarar 1996, kamar yadda «.ng» take ta Nijeriya, «.fr» kuma ta Faransa. An danƙa riƙonta ga kamfanin SONITEL na Yamai, wanda aka haɗe da SahelCom a 2016, suka zama Niger Telecom.

Hukumar da ke lura da waɗannan alamu a duniya ita ce ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998. Gwamnatin Amurka ta ci gaba da sa ido a kan aikinta har zuwa 2016.

A 2012 hukumar ta buɗe ƙofa ga masu son sababbin alamu, kowace takarda a kan dala 185,000. Takardu 1,930 suka shiga, amma 17 kawai suka fito daga Afirka. Masu goyon baya suka ce kasuwa ta faɗaɗa, birane da harsuna sun samu rumfa, kamar «.paris» da «.bzh» ta Bretonawa. Masu suka kuwa suka ce mai hannu da shuni ne ya kwashe rabon, har kamfanin Amazon ya samu «.amazon» duk da ƙorafin Barazil da Peru.

Ita ma «.africa» sai da ta sha shari'a tsakanin DotConnectAfrica da ZACR ta Afirka ta Kudu, wadda Tarayyar Afirka ta mara wa baya, kafin ta fara aiki a 2017. Hukumar ta tsaida 2026 domin sabon zagaye, kuɗin takarda kuma ya hau zuwa dala 227,000.

To, ina makomar Nijar? Irin wannan kuɗi ya fi ƙarfin ɗan kasuwar Maraɗi ko ƙungiyar marubutan Hausa. Amma «.ne» tana hannunmu. Duk sunan da aka yi wa rajista a «.com», kuɗinsa waje yake tafiya, ikonsa kuma yana ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Ya kamata a sauƙaƙa rajista a gida, a rage kuɗinta, makarantu, asibitoci da ƴan kasuwa su rungume ta, wakilanmu kuma su riƙa halartar tarukan ICANN. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.