Ciwon wuya da maƙoƙo: ba kullum ƙarancin iyod ba ne

Uwa, a gaban wuyanki, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira tiroyid. Ita ce ke tsara saurin da jiki yake ƙona abinci. Idan ta kumbura mukan ce maƙoƙo ne, kuma sau da yawa rashin iyod a abinci ke kawo shi, shi ya sa ake nanata maki amfani da gishiri mai iyod. Amma akwai wani kumburin da gishiri ba ya warkarwa.

Sunansa cutar Basedow. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta riƙa zuga tiroyid tana aiki fiye da kima. Ta fi kama mata, kuma takan bayyana a watannin bayan haihuwa. Mace na cin abinci sosai amma tana ramewa, zuciyarta na dukan sauri ko tana zaune, hannu na rawa, zufa ko da lokacin sanyin hunturu, barci ya ƙi zuwa. Wata idanunta kan firfito. A gida sai a ce wahalar goyo ce, ko a ce iska ce.

Yawanci wannan kumburin ba ya ciwo. Mace takan ji nauyi a wuya, ko ta ga sarƙarta ta matse ta. Idan kuwa wurin yana zafi da an taɓa, zafin na hawa zuwa muƙamuƙi ko kunne, musamman bayan mura, ya fi yiwuwa tiroyid ɗin ce ta yi kumburi mai zafi, kuma maganinsa daban ne. Ido ba ya raba su, sai awon jini. Kada a yi tsaga ko sakiya a wurin, kada a murza shi. A fara da gidan likita mafi kusa, daga can a tura ki babban asibiti, kamar na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci. Idan an ba ki ƙwayar Néo-Mercazole, sai wata rana kika ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambo a baki, ki dakata da shan ta, ki je asibiti a ranar a auna jininki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ƙwayar kan iya rage ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma jinkiri na iya kisa. In ban da wannan, kada ki bar magani don kin ji sauƙi. Ana shan sa wata 12 zuwa 18. Kada ki yaye ɗanki saboda shi, likita zai daidaita maki adadi. In kina da ciki ko kina son ɗauka, ki faɗa tun da wuri, domin akan canza ƙwayar a watanni ukun farko.

Ku kuma masu faɗakarwa na gari, in kun je awon dantsen yaro kuka tarar uwar ta rame, kada ku yanke cewa tamowa ce kawai. Ku tambaye ta ko tana ci, ku dubi wuyanta tana haɗiyar ruwa, ku ƙirga bugun jijiyar hannunta bayan ta huta. In ya wuce 100 a minti ɗaya, ku rubuta mata takardar zuwa likita. In kuma ga zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, a kai ta nan take.