Ko Ka Sani? Bakteriyar Da Ke Ciyar Da Shuka A Ƙasar Fari

Ko ka san ƴan ƙulluttan da ke jikin saiwar wake da gyaɗa ba cuta ba ne? Tuge wake guda lokacin da ya fara fure, ka karkaɗe ƙasar, ka fasa ƙullutu ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, to bakteriyar dangin Rhizobium na bakin aiki. Naitirojin take zuƙowa daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, ta mayar da shi abincin shuka, wato abin da manomi ke zuba kuɗi ya saya a buhun yuriya. In cikin fari ne ko kore, aikin bai kankama ba, ko kuma ya tsaya.

Zafin rana da bushewar ƙasa da gishiri suna kashe da yawa daga cikin irin waɗannan bakteriya, shi ya sa masana suka koma neman masu taurin rai. Dangin Bacillus, in ruwa ya ɗauke, sai su dunƙule cikin ƙwanso mai tauri, su yi shekaru a haka har danshi ya dawo. A Sanigal an haƙa ƙarƙashin gawo, aka tarar da bakteriyar da ke hulɗa da saiwarsa a zurfin fiye da mita 30.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta Saudiyya. Masu bincike na Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha sun ciro wata bakteriya, suka sa mata suna SA187, daga saiwar wani tsiron hamada a yankin Jizan, ɗan'uwan baba da marina ke rini da shi. Da aka shafa ta a irin ciyawar alfalfa aka yi ban-ruwa da ruwa mai gishiri, sai gonar ta fi wadda ba a shafa wa ba yabanya.

Mu ma abin ya iso mana. Cibiyar IITA ta Ibadan tana haɗa Nodumax, garin bakteriya da ake cuɗanya irin waken soya da shi kafin shuka. Sai dai abu mai rai ne a cikin ledarsa, kuma abin takaici ne a gan ta shanye a rana kan teburin kasuwa. A inuwa ake ajiye ta, a inuwa ake cuɗa irin, a kuma shuka shi a ranar.