Wuri Na Gugar Wuri: Nauyin Kuɗi Daga Salaga Zuwa Bawku

Idan mai labarai ya ce an biya "tsabar kuɗi, wuri na gugar wuri, har naira miliyan goma", ba ya jin ƙarar komai. A kasuwar Salaga ta da, kunne na jin gugar. Kuɗi jam'in wuri ne, wurin nan kuwa daga tsibiran Maldibis da gaɓar Afirka ta gabas ake kwaso shi, ya ratsa teku, ya hau kan 'yan alaro, ya zo ya zube a tabarmar dillali a ƙasar Gwanja.

Nan ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato ke sauka bayan tafiyar watanni, madugu na jan ragama. Su zo da kanwa da turkudi da fatu da dabbobi, su koma da goron Asante, ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari. An kuma sayar da bayi a kasuwar nan, da wurin da ake sayen goro, kuma bai kamata mai yabon arzikin Salaga ya tsallake wannan ba.

To, bari mu ɗora maganar a sikeli. Ƙaramin wuri ya ɗan haura giram ɗaya. Zambar, wato dubu, ta wuce kilo ke nan. Keso, wuri 20,000, ya haura kilo 20, kayan ƙato guda cif. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya shiga Kano a 1851, dalar azurfa mai hoton Mariya Tareza, wadda nauyinta giram 28 ne, tana canzuwa a wuri 2,500. Dala takwas da za su ɓuya a aljihun riga su ne keson da ke sa wuyan namiji ya sage. Shi ya sa nake ganin "kuɗi masu nauyi" ba adon magana ba ne a bakin kakanninmu. Mai ɗaukar kuɗin ma daga cikin kayan kansa ake ciyar da shi, tafiya na nisa dukiya na raguwa.

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 sule ɗaya yakan tashi a wuri dubu a Salaga. Da wannan lissafi, aninin da ya zo daga baya, ɗaya bisa goma na kwabo, wuri takwas ne da ɗoriya. Ashe wanda ba shi da ko anini yana iya tashi da wuri bakwai, ya fi wanda ba shi da ko wuri sarari. Talauci ma hawa-hawa ne, harshe kuma bai manta matakalar ba.

Kasuwar Salaga ta fara sanyi bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, goro ya karkata Kintampo, yaƙin basasar da ya ɓarke a garin a 1892 kuma ya watsa 'yan zango, har malaminsu Alhaji Umaru ya koma Kete Krachi.

Yendi, fadar sarki Ya Na, tana kan hanyar fatake daga Salaga zuwa Sansanne Mango. Rabon ƙasa da Turawa suka yi a 1899 ya jefa ta hannun Jamus, Salaga ta zauna hannun Ingila. Sai ga sulalla biyu a jaka ɗaya: mak na Jamus giram 5.56, sule giram 5.66, darajarsu kusan kunnen doki. Tafin hannu ba ya raba su, sai an duba tambari.

A Bawku ne irin wannan haɗuwar kuɗi ke da rai har yau. Kasuwar na ci duk bayan kwana uku, ga albasa buhu-buhu, ga shanu daga Burkina Faso, ga Togo a gefe, 'yan canji kuma riƙe da sidi a hannu ɗaya, sefa a ɗayan. Bahaushen da ya zo daga ƙasashen sefa da dala yake ƙirga, dala kuwa sefa biyar ce. Sunan tsohuwar azurfa ne. Ta Faransa mai tamma biyar giram 25 ce. Dalar yau ƙwandala ce 'yar giram 3 da ko alawa da ƙyar take saye, amma sunan bai rage ko wasali ba.

Sidin kansa daga kalmar Akan ta wuri aka samo shi a 1965, har an buga hoton wuri a wasu sulallansa. A 2007 aka yanke masa sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma ɗaya. Gwamnati ta yanke a takarda, kasuwa ba ta yanke a baki ba. Ka taya buhu, mai albasa ya ce maka, "Alhaji, miliyan biyar, ka ƙara albarka." Ka miƙa masa takardu biyar na sidi ɗari, ko ka tura ta waya, ya duba saƙon ya ce sun shigo, ya kira yaro ya ɗora maka buhun.