RAHOTON MUSAMMAN: Gumin da ke bayan wasannin bidiyo na ƙananan kamfanoni

Wasan da yaro ke latsawa na minti biyar a wayar mahaifinsa, sau da yawa gumin watanni ne na mutum uku ko huɗu waɗanda ba su da wani babban kamfani a bayansu. A Nijeriya, Legas ce cibiyar wannan sana'a. Can ne Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, kamfanin da ya fitar da Aboki Run da Whot King, kuma a 2024 ya yi wa Disney wasan Iwájú: Rising Chef.

Yadda yini ke ƙarewa

A ƙaramar tawaga kowa na ɗauke da kaya fiye da ɗaya. Wani na rubuta manhaja a kan Unity ko Godot, wani na zana mutane da gidaje, wani na haɗa sauti, tallar kuma ta kowa ce. Sai dai abin da ya fi cin lokaci shi ne gyara. A gyara tsallen da ya makara, sai ƙofar da ke buɗewa jiya ta ƙi buɗewa yau. Dole kuma a gwada wasan a kan ƙananan wayoyi irin su Itel da Tecno, a rage masa nauyi, domin mai sayen data da kuɗin cefane ba zai sauke abin da zai cinye masa ita ba.

Wuta da dala

A Kamaru, maƙwabciyar Jihar Taraba, tawagar Kiro'o Games ta Olivier Madiba ta sha fama da ɗaukewar wutar lantarki a Yawunde kafin ta fitar da Aurion a 2016. Matashin Jalingo ya san wannan ciwo, duk da cewa madatsar Kashimbila mai megawat 40 a jiharsa take, aikin Mambila kuwa har yau jira ake yi.

Bayan wuta sai kuɗin shiga kasuwa, wanda da dala ake biya. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, Steam kuma dala 100 kan kowane wasa, sannan ya yanki kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Duk faɗuwar naira ƙarin nauyi ce a wuyan tawagar da ba ta sayar da komai ba tukuna.

Inda gwamnati ta shigo

Dokar ƙananan kamfanonin fasaha da aka sanya wa hannu a 2022 ta yi tanadin sauƙin haraji da tallafi, shirin 3MTT na 2023 kuma ya sa ƙera wasanni cikin darussansa. Amma horo kaɗai ba ya fitar da wasa. Wanda ya kammala yana buƙatar kwamfuta, wuta da abin da zai ci na tsawon watannin aiki. Nan ne jami'an da ke tsara kasafi a Abuja ya kamata su duba.

Kayan labari dai Arewa ba ta rasa su ba. Ga dara, ga langa, ga dambe, ga kuma cinikin kasuwar shanu ta Iware da dillalanta. Idan 'ya'yan wurin ba su samu halin mayar da su wasa ba, wasu za su yi, su kuma sayar mana.