Itacen Gona, Hayaƙin Murhu da Lafiyar Iyali

Yawancin cututtukan da ke kawo mutane asibiti suna farawa ne daga gida da gona, tun kafin su shiga jiki. Yaron da ke tari ya daɗe yana shaƙar hayaƙin murhu. Wanda ya rame, rumbun gidansu ya ƙare tun kafin damina ta faɗi. Mai zawo ya sha ruwan da ƙazanta ta shiga. Likita yana ba da magani, mutum ya warke ya koma gida, amma idan abin da ya jawo ciwon yana nan, zai sāke dawowa. Shi ya sa wannan ɗan littafi zai yi magana a kan itatuwa, da murhu, da leda, da maganin ƙwari. Duka abubuwa ne da ke hannunku, kuma yawancinsu ba sa bukatar kuɗi.

Kurmin da ke ƙarƙashin ƙasa

Dattawa suna tunawa da farin 1973 da na 1984. A waɗannan shekaru gonaki da yawa a yankin Maraɗi da Tawa da Damagaram sun zama fili fetal. Iska tana kwashe ƙasar sama, yashi yana binne shuka, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. An kafa gandun renon itatuwa, an dasa dubbai, amma mafi yawansu suka mutu saboda zafi da gara da awaki.

A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Toni Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura da wani abu da kowa ke gani kullum. Ƙananan tsiron da ake sarewa lokacin sassabe, ashe toho ne daga kututturen manyan itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Saiwoyinsu suna da rai, sun yi nisa cikin ƙasa inda danshi yake. Abin da suke bukata kawai shi ne a daina aske su kowace shekara. Daga nan aka fara abin da yanzu ake kira sassaben zamani.

Da farko manoma ba su so ba, kuma suna da dalili. An saba cewa gona mai tsabta ita ce wadda ba itace a ciki. Ana tsoron inuwa za ta hana hatsi girma, tsuntsaye kuma su sami wurin sauka. Ga shi kuma a lokacin doka ta ce itace na gwamnati ne, har ana cin mutum tara idan ya sare reshe a gonarsa. To, wa zai yi renon abin da ba nasa ba? A lokacin yunwar 1984 aka ba mutane abinci don su bar itatuwa a gonakinsu. Da yunwa ta wuce, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga hatsinsu bai ragu ba, ga kuma itacen girki a kusa. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Yau ana ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi hakki a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Ga yadda ake yi. Lokacin sassabe, kafin ka sa gatari, ka zaga gonar ka dubi kututturan da suka yi toho: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, da duk wanda ka san amfaninsa. A kowane kututture ka zaɓi rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. Kada ka wuce rabi, domin reshen da aka aske duka yakan karye da iska ko akuya ta lanƙwasa shi. Gatari ko adda ta kasance da kaifi, kuma ka yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ka ɗaura ɗan tsumma a jiki, alamar cewa da mai shi. Bayan ƴan watanni ka koma ka cire sabon tohon da ya fito. Kowace shekara kana iya sare reshe ɗaya don girki ko gini, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa.

Gawo ya cancanci a yi masa magana ta musamman. Shi ne itacen da ke kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa a lokacin da hatsi ke son rana. Ganyen da ya zuba yana zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobi kuma suna hutawa a gindinsa da rani suna cin ƴaƴansa suna zubar da kashi. Duk wanda ya taɓa kwatanta zangarniyar gindin gawo da ta fili ya san bambancin.

Wani zai ce mene ne haɗin wannan da asibiti? Haɗin yana cikin tukunya. Miyar kuka, kwaɗon zogale, magarya, aduwa da goruba abinci ne masu gina jiki, kuma suna samuwa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ganyen zogale da aka shanya a inuwa aka daka, a zuba cokali ɗaya cikin kunun yaron da ya wuce wata shida, yana taimakonsa ƙwarai. Akuyar da ta sami ganye da rani tana ba da nono. Mace mai ciki da take samun itace a gonar gida ta huta da tafiya mai nisa da kaya a ka.

Sai dai mutum ɗaya ba ya iya tsare itace shi kaɗai. Idan ka rena, wani ya zo da dare ya sare, zuciya za ta karye. Garuruwan da abin ya yi kyau su ne waɗanda suka zauna da mai gari, da mata, da makiyaya, suka yi yarjejeniya a kan wanda zai sara da lokacin sara. Kada a bar makiyaya a baya a wannan zama, domin su ma dabbobinsu suna rayuwa da ganyen.

Inda ƙasa ta zama fako, ruwa yana gudu bai shiga ba, a nan tassa take aiki. Da rani ake haƙa ramuka, faɗin taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfin kusan taƙi ɗaya, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse. Manoman Illela sun gano ingantacciyar hanyar yin ta a Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka dawo suka raya fako mai yawa da ita. Aiki ne mai wuya, gaskiya, amma gonar da aka fid da rai da ita takan dawo.

Hayaƙi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane wajen miliyan 3 kowace shekara a duniya. Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Uwa tana tuƙa tuwo, jariri yana goye a bayanta, hayaƙin da ke sa ta hawaye shi ne ke shiga huhunsa. Yana raunana huhu, ya buɗe hanya ga ciwon haƙarƙari, wanda yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Ga tsofaffin mata kuma yana kawo tarin da ba ya jin magani da ciwon ido.

Murhu mai duwatsu uku yana zubar da yawancin zafinsa ga iska. Idan aka gina murhu da laka da aka cuɗa da ƙaiƙayi, ya kewaye gindin tukunya, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace da ɗan sarari a gefen tukunya don hayaƙi ya fita, itace kaɗan zai dafa abin da a da sai da dami. Kowace tukunya da murhun da ya dace da girmanta. Akwai kuma na ƙarfe da maƙera ke yi, ga mai hali. A yi girki a waje ko a rumfar da iska ke ratsawa. A yi amfani da busasshen itace, domin ɗanye hayaƙi ne kawai. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri. Idan an sauke, a zare ragowar itacen a kashe da ƙasa. In da wanda zai riƙe jariri lokacin girki, a ba shi, ya zauna inda hayaƙi ba ya bi.

Idan itace ya yi wuya, mata sukan koma ƙona kara da kashin shanu. Ba laifinsu ba ne, amma wannan taki ne da gona ta rasa. Gidan da ke da itatuwa a gona da murhun laka a tsakar gida yana iya barin kara ya kwanta a gona ya tare yashi.

Da sanyin hunturu, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Mutum yakan ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa.

Iyaye su san alamar ciwon haƙarƙari. Idan yaro yana tari, ku ɗaga rigarsa yana kwance shiru ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Idan kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi, ko ya kasa shan nono, ku kawo shi a ranar, kada ku jira gobe.

Leda

Leda ba ta ruɓewa. Tana toshe magudanar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Tana shiga gona ta hana ruwa nutsewa. Awaki da shanu suna haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta riƙa ramewa tana ci ba ta ƙiba har ta mutu. Mahauta sun san wannan sarai. Tun 2014 akwai dokar hana irin wannan leda a Nijar, amma ga ta nan a kan kowace ƙaya. Ku tafi kasuwa da kwando ko jakar tsumma, ku tafi sayen fura ko koko da kwano mai murfi. Abu ɗaya da muke roƙonku ku daina yau shi ne hura wuta da leda. Hayaƙinta ya fi na itace guba, kuma a daidai lokacin ne fuskar mai girki take kusa da murhu. Ledar da ta taru a gida, a tara ta a binne a rami ɗaya nesa da rijiya da gona.

Gwangwani, fasasshen tulu da tsohuwar taya, a kife su ko a cika su da ƙasa kafin damina. Sauran shara kuwa, wato toka, ɓawo, ganye da kashin dabbobi, a zuba a rami a riƙa yayyafa ruwan wanke-wanke, bayan ƴan watanni ta zama takin tassa. Masai kuma a haƙa shi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, a gefen gangare, kuma a rufe bakinsa saboda ƙuda.

Guba a cikin gida

Tsohon batir na tocila da rediyo ba abin wasan yara ba ne. Kada a fasa shi, kada a jefa shi a wuta. Batirin mota da na sola yana ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da an gani ba. A mayar da shi wurin masu saye, kada a narka shi a gida.

Maganin ƙwari na gona yana shiga jiki ta fata da hanci, ba sai an sha ba. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa doguwar riga da takalmi, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci. Mace mai ciki da yara kada su shiga gonar ranar feshi. Galan ɗin da maganin ya ƙare a ciki, ko an wanke shi sau goma, bai dace da ruwan sha ko mai ko nono ba. A huda shi don kada wani ya ɗauka. Kada a juye magani a kwalbar lemo, domin yaro ba zai bambanta ba. Don ajiyar wake, akwai buhu mai ruɓi uku wanda ake ɗaure kowane ruɓi dabam. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu, ba sai an zuba guba a cikin abincin da iyali za su ci ba.

Idan wani ya sha maganin ƙwari, ko ya fara zubar da miyau da gumi da amai bayan feshi, ku tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, ku wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada ku sa shi amai da gangan. Kada ku ba shi nono ko manja ko man gyaɗa, domin mai yana iya sa wasu irin guba su shiga jini da sauri. Ku kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, ku kawo shi asibiti nan da nan, ku zo da kwalbar ko takardar maganin don likita ya san irin gubar.