Takin Gargajiya: Yadda Sakamakon Bincike Zai Isa Ga Manoma Da Masu Sarrafa Taki

Tsadar takin zamani ta sa manoma da dama a Nijeriya sun sake karkata ga takin gargajiya, wato kashin shanu, awaki, tumaki da kaji. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya tayar da farashin taki a kasuwannin duniya, faɗuwar darajar naira daga 2023 kuma ta ƙara nauyin a kan ƙaramin manomi. Sai dai kaso mai yawa na amfanin takin dabbobi yana salwanta tun kafin ya kai gona, domin ilimin da zai hana wannan asara bai cika isa ga masu tara takin, masu ajiye shi da masu jigilarsa ba.

Sinadarin da shuka ta fi buƙata domin ganye da girma shi ne naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari, alhali a busasshen kashin shanu bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Wannan ɗan abin ma yana da saurin gudu. Idan aka bar taki a fili, rana da iska suna fitar da shi ta hanyar iskar amoniya, ruwan sama kuma ya wanke sinadarin fotash. Wajen rabin naitirojin da dabba take fitarwa a fitsarinta yake, kuma shi ne yake fara ɓacewa idan babu abin da zai tsotse shi a garke ko a turke.

Maganin da masana suka daɗe suna bayarwa ba mai tsada ba ne. A shimfiɗa ƙaiƙayi, buntun shinkafa ko ragowar kara a ƙarƙashin dabbobi, a tara takin a rami ko a inuwa, a rufe shi, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har ya ruɓe. Tarin da aka kula da shi yana yin zafin da ya kai digiri 55 ko fiye a ma'aunin Salshiyos, wanda yake kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Wannan yana da muhimmanci ga manoman fadama masu noman latas, kabeji da karas, tunda akan ci su ɗanye. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a amfani da sinadarai ta tanadi tazarar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da yake taɓa ƙasa. Haka kuma ɗanyen kashin kaji, saboda ƙarfinsa, yana iya ƙona ƙananan shuke-shuke.

Nijeriya ba ta rasa cibiyoyin da suke da wannan ilimi ba. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, da hukumar NAERLS mai isar da sakamakon bincike ga manoma, dukkansu ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Akwai kuma cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967, mai reshe a Kano. Abin da bincike ya nuna akai-akai shi ne, haɗa takin gargajiya da ɗan takin zamani ya fi amfani da ɗayansu kaɗai, domin na gargajiya yana gyara jikin ƙasa, ya taimaka mata riƙe danshi, na zamani kuma ya ciyar da shuka da wuri.

Matsalar tana kan hanyar isarwa. Shirye-shiryen bunƙasa aikin gona da aka fara a Funtuwa, Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya sun baza malaman gona a ƙauyuka, amma bayan tallafin ya ƙare aikin ya yi rauni a jihohi da yawa. Ko a inda malamin gona yake, da mai gona yake magana. Mai gidan kaji da ke sayar da kashin kajinsa, dillalin da ke jibge buhuna a rana, makiyayin da ke da garke, da matan da ke kiwon awaki a cikin gida ba kasafai ake gayyatarsu taron horo ba, alhali a hannunsu ne ingancin takin yake tabbata ko ya lalace.

Ilimin kuma ba daga ɗakin bincike kaɗai yake fitowa ba. Manoman kewayen birnin Kano sun shafe ƙarnoni suna noma gona ɗaya kowace shekara, suna ɗauko taki da toka daga birni a mangalar jaki. Tsohuwar al'adar barin shanun Fulani su kwana a gona bayan girbi tana mayar da kashi da fitsari kai tsaye cikin ƙasa, kuma taɓarɓarewar zamantakewa tsakanin manoma da makiyaya ta jawo asarar wannan riba ga ɓangarorin biyu. A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, manoma suna farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa, su zuba ɗan taki a kowane rami. Dabarar manoma ce da masana suka nazarta, suka taimaka wajen yaɗa ta.

Akwai hanyoyin da aka jarraba. Makarantar manoma ta cikin gona, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a Indonesiya a 1989, tana haɗa rukunin manoma su gwada hanyoyi biyu a fili ɗaya, su auna sakamakon da kansu lokacin girbi. Gani ya kori ji. Idan aka sa masu kiwo da dillalan taki cikin irin waɗannan rukunoni, darasin zai fara tun daga garke. Wajibi ne kuma a sauya ma'auni: shawarar da aka bayar da tan a kowace hekta ba ta da amfani ga wanda yake lissafi da buhu, mangala ko amalanke. Rediyo da saƙon murya ta WhatsApp cikin harshen gida suna iya isar da bayanin a lokacin rani, sa'ad da ake tara taki, kafin ruwan farko ya sauka.

A taron Abuja na 2006, shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ɗaga yawan takin zamani da ake amfani da shi zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, burin da yawancin ƙasashe ba su cimma ba. Taron Nairobi na Mayun 2024 ya haɗa batun taki da lafiyar ƙasa, tare da ba takin gargajiya gurbi. Aiwatar da hakan a Nijeriya zai dogara ne a kan ko jihohi za su ɗauki ƙarin malaman gona, su kuma faɗaɗa aikinsu har zuwa garke, gidan kaji da kasuwar taki.